Rakiya Har Kan Kufena

Goggo ƙanwar babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a haife ni aure ya kai ta Ikko, inda mijinta yake aiki a tashar jiragen ruwa. Can ta hayayyafa, can furfura ta same ta. Ba ta zuwa gida sai da babban dalili, in ta zo ɗin ma ba ta daɗewa. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini.

Zuwan da nake son ba da labarinsa wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, sunan ɗan yayana ya kawo ta. Ni a lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba a wata firamare a Tudun Jukun, saurayi ne ni, ga ƙarfi ga baki. Kuma na yi suna a cikin abokai da hawan dutsen Kufena. Duk baƙon da ya sauka, sabon malami ne ko ɗan bautar ƙasa, da ni ake haɗa shi. In zaga da shi cikin gari a ƙafa, in nuna masa ganuwa da marina da tsofaffin zauruka, da la'asar mu hau dutse. Ina da tsarina, ba na son a taɓa mini shi. Kowa ya hau sai ya juya yamma yana kallon faɗuwar rana, ni kuwa sai in dafa kafaɗarsa in juyo da shi gabas, don abin kallon yana can. Rana tana bayanka, haskenta ya kwanta a kan birni, ginin ƙasa duk ya yi ja, ganuwa ta fito a zagaye, rimaye sun tsattsaya a tsakanin gidaje. Abin ba ya jimawa. Kafin ka gama nuna wa mutum unguwanni hasken ya janye.

Ana jibi za ta koma, ina tsakar gida ina cika wa ƙannena baki da wannan labari, ashe Goggo tana ɗaki tana saurare. Ta aiko a kira ni. Da na shiga ta ce in saki labule, sannan ta ce gobe ita zan kai. Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ita ba ta yi ba.

Ta ce a garin nan aka haife ta, a nan ta girma, amma ba ta taɓa ganinsa ba sai lungu-lungu, don a zamaninsu yarinya ba ta isa ta ce za ta hau dutse ba. A Ikko, in ji ta, da yamma takan zauna a saman bene tana kallon rana tana faɗawa cikin ruwa, sai ta yi ƙoƙarin kawo Zariya a ranta. Garin ba ya zuwa mata sai a gutsure: rijiyar gidanmu, lungun mai ƙosai, kududdufin bayan makarantar allo. Ta yi ta yi ta haɗa su sun ƙi haɗuwa, kuma a 'yan shekarun nan wasu sun fara ɓace mata. Maigidanta ya yi ritaya, ya gina gida a can, maganar dawowa ta mutu. Ta shafa gwiwoyinta ta ce waɗannan ma ba za su ƙara ba ta wani zuwan da za ta iya hawa ba.

"So nake in gan shi gaba ɗaya, Babana," in ji ta. "Sau ɗaya tak, in tafi da abina."

Wallahi sai dariyar ta maƙale mini. Na gyara zama na shimfiɗa mata sharaɗi kamar yadda nake yi wa kowa. Za mu fita bayan azahar daga gidanmu da ke kusa da Ƙofar Doka, mu ratsa gari a ƙafa tunda tana son ta taka tsofaffin hanyoyinta. Wani abokina mai tsohuwar mota zai jira mu a ƙofar da ke kallon Kufena, ya kai mu gindin dutsen da la'asar. Amma doka ɗaya ce, ba shiga gidan kowa. Ta ce ai ta gama zaga dangi tun farkon mako, ta ji, ta yarda. Babanmu da aka gaya masa cewa ya yi me ta ajiye a kan dutse, amma bai hana ba.

Washegari ta fito cikin atamfarta da babban mayafi, a ƙafa kuwa kambas ɗin makarantar ƙanwata, fari fat, an ɗaure igiyarsa tam. Ni na ce ta sa, don silifas ba ya hawa dutse. Ban yi lissafin abu ɗaya ba. Mace mai tarbiyyar Goggo ba ta wuce dattawa a ƙofar zaure da takalmi a ƙafa. Cikin gari kuwa bayan azahar kowane zaure da dattijonsa a kan buzu. Sai ta tsaya tun daga nesa, ta sunkuya ta kwance igiya, ta cire, ta riƙe a hannu, ta durƙusa gwiwa tana ƙara, ta yi gaisuwa har a tambayi mutanen Ikko da ba a sani ba, ta wuce, sannan a nemi dakali a zauna a mayar. Tun ina tsayawa ina kallo har na koma ni ke durƙusawa ina ɗaure mata, ina yi ina cije leɓe. Na ce ta bar igiyar a sake, ta ce sai ta faɗi.

Tarihin da nake zuba wa baƙi ko sauraronsa ba ta yi ba. Ina nuna mata zanen gaban wani zaure, ita tana neman wata tsamiya da aka sare tun ina rarrafe. Kududdufin nata an cike shi an yi shaguna. Ta tsaya a gabansu ta daɗe, har mai shagon ya leƙo ya tambaya ko wani abu za a ba Hajiya. Amma fa ta riƙe alkawari. Mun wuce gidajen dangi da dama, tana jan mayafi tana rufe fuska tana ƙara sauri, ni kuwa ina jin daɗi a raina, ina duban rana ina cewa za mu samu.

Muna cikin wani dogon lungu, saura kaɗan mu ɓulla hanyar ƙofa, sai muka ji murya daga bayanmu:

"Wannan tafiyar ko a cikin takalmin 'yan makaranta na san mai ita."

Goggo ta tsaya cak. Aminiyarta ce ta ƙuruciya, wadda muke kira Inna, tare suka yi makarantar allo, tare suka yi tallan goro, ita ta riƙe ta ranar da za a kai ta ɗakin miji. Mijin Inna ya rasu, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ta daɗe tana fama da ciwon numfashi. Duk makon nan tana ƙauye wajen ta'aziyya, Goggo ta aika har ta gaji, ta haƙura cewa bana ba rabon su gana. Ashe da safen nan ta dawo. Suka rungume juna a tsakiyar lungu. Ni kaina na kau da kai, amma ina kau da kan ina kallon inuwar katanga tana tsawo.

Goggo ta ce mini ba shiga za ta yi ba, a zaure kawai za ta tsaya, zaure ai ba gida ba ne. Aka kawo ruwa. Ruwa ya jawo fura. Ana cikin haka aka kira la'asar, to wa zai ce wa mace ta tashi daga gidan aminiyarta ba ta yi salla ba? Ta shige ciki. Na yi tawa a masallacin unguwa na dawo na tsaya ina rafka sallama, yara suna fitowa suna ce mini wai tana zuwa. Da ƙyar suka fito, idanunsu duk sun yi ja.

Nan aka shiga rakiya. Inna ta ce bari ta ɗan taka mata zuwa bakin lungu. Da muka kai, Goggo ta ce ta koma haka, ta gode. Sai ta ga Inna tana haki, ta ce a'a, ba za ta bar ta ta koma ita kaɗai a haka ba, bari ta ɗan mayar da ita. Suka juya. A ƙofar gida Inna ta ce ina aka taɓa yin haka, baƙuwa daga Ikko ta tashi daga bakin zaure ba rakiya, mutane su ce me? Suka sake juyowa. Akwai wani mai gyaran keke a lungun, har ya ajiye aikinsa ya zuba tagumi yana kallon su suna wuce shi suna dawowa. Hirar ba wata hira ba ce, wance ta rasu, wane ya makance, 'yar wance ta haihu. Kowace tana riƙe da gefen mayafin 'yar'uwarta.

Raina ya gama ɓaci. Na sha gabansu na ce, "Goggo, ko dai mu fasa ne?"

Ta ɗaga kai ta dubi rana, na ga tsoro ƙarara a fuskarta. Sai a lokacin ta gaya wa Inna inda za mu. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce tsufa ya zo wa ƙawarta da hauka, sannan ta ce to ai sai ta raka ta bakin ƙofa. Ta aika wata yarinya ta sauke mata tukunya. A bakin ƙofa muka tarar da abokina ya yi barci a cikin mota ya farka ya sake yi. Na buɗe wa Goggo baya ta shiga. Inna ta riƙe murfin motar tana addu'ar sauka lafiya, addu'a ta ƙi ƙarewa, hannu ya ƙi sakin murfi. Sai kawai na ga Goggo ta matsa ciki, Inna ta tattare zani ta shiga da silifas ɗinta. Abokina ya dube ni, na ce ya ja mota kawai kada in yi magana.

Ƙarshen damina ne, sama ta wanke tas, dawa ta fitar da kai a gonakin gindin dutse. Mata masu dawowa daga itace suka tsaya da kayansu a ka suna kallon mu. Na auna rana na ga in ba a tsaya wasa ba za mu kai. Na roƙi Inna ta zauna a mota, ta ce ita rakiya ta zo, ba gadin mota ba.

Goggo ta ba ni mamaki. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta dafa kafaɗata, tana hawa tana bismilla, ko waiwaye ba ta yi. Na ji yatsunta suna shiga namana duk sanda gwiwa ta soke ta, amma ba ta ce a tsaya ba. Abokina yana baya yana lallaɓa Inna. Haka muka kai wani faffaɗan fako inda muka saba hutawa. Daga nan ba a ganin birni, wani ƙaton ƙunƙun dutse ya tare shi, sai gonaki da ɗan gefen ganuwa. Abin da ya rage hawa kaɗan ne, a zagaya ƙunƙun nan a haye.

A nan ƙirjin Inna ya kama. Ta zube a kan fakon, numfashinta yana fita da wata siririyar ƙara, gumi ya jiƙe mata goshi. Ta ce ba komai, ta saba, in ta zauna yakan sake ta. Abokina ya ce zai tsaya da ita. Na ce madalla, Goggo taho, yanzu hasken zai fara. Inna ma ta ɗaga hannu tana kora ta, ba ta da bakin magana amma tana nuna mata sama.

Goggo ta biyo ni. Mun ɗan hau, sai na ji hannunta ya bar kafaɗata. Ta tsaya ta waiwaya tana kallon ƙawarta a dunƙule a ƙasa, abokina yana tsaye can gefe ya rasa inda zai sa hannunsa, don ba muharraminta ba ne, ko bayanta ba zai iya dafawa ba. Ta ɗaga kai ta dubi abin da ya rage na hawa. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ta fara sauka.

Na bi ta ina magana, ban ma san da ƙarfi nake yi ba. Na ce saboda wannan muka fito, saboda shi na sha ɗaurin takalmi tun azahar, ga shi nan a gabanta, ta hau ta leƙa kawai ta sauko. Ta ce matar da ta bar tukunyarta a wuta ta rako ta har nan, ba za ta bar ta a kan dutse tana neman numfashi ita ta tafi kallo ba. Na ce Goggo, ke da bakinki kika ce ba za ki sake samun wannan ba.

"Na sani," in ji ta.

Ta zauna kusa da Inna, ta kwance kambas ɗin da kanta ta ajiye a gefe, ta jingina ta a jikinta tana shafa mata baya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Hau ka gano mini, Babana."

Na hau da fushi, ina tuntuɓe ina ƙunƙuni. Kuma don abin ya ƙara ci mini rai, duk hawan da na yi a rayuwata ban taɓa samun haske irin na ranar ba. Ba gajimare, ba hayaƙi. Birnin ya kwanta a gabana ja wur, kowane soro ya fito da inuwarsa, kududdufai suna ƙyalli, shanu suna shiga ta ƙofa a jere, shirwa tana shawagi a kan rimaye. Har rimin unguwarmu na gane. Na leƙa ƙasa na hango su 'yan mitsi-mitsi, sun lulluɓa da mayafi ɗaya, bayansu ma suka ba wa garin. Na ƙwala kira, iska ta kwashe. Na zauna na yi kuka, rabi haushi rabi tausayi, ni kaɗai a saman dutse da abin da ba ni ke bukatarsa ba. Ina zaune hasken ya janye, aka fara kiran magariba daga masallatai.

Da na sauko Inna ta samu sauƙi. Muka lallaɓa ƙasa, muka yi salla a bakin gona da ruwan da ke cikin mota. A hanya Inna sai ba da haƙuri take yi, tana cewa ta ɓata wa ƙawarta tafiya. Goggo ta yi dariya ta ce wace tafiya, ai ta ga ganuwa, ta ga gonaki, me ya rage, dama rigimar tsufa ce. Har tsokanar ta ta riƙa yi. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Muka sauke Inna a bakin lungunta, wannan karon Goggo ta kai ta har ɗaki. A gida ma ba ta ɗaga maganar ba, ni kuma ina ta kumbure-kumbure, na ɗauka abin bai dame ta ba kamar yadda ya dame ni.

Da safe muka kai ta tashar jirgin ƙasa. Inna ba ta iya fitowa ba, ta aiko da ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa. Dangi sun cika dandamali, ana ta cusa kaya ta taga, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kowa da saƙonsa. Ni na koma gefe na harɗe hannu. Jirgin nan kowa ya san shi, in an ce safe sai azahar, don haka ba wanda yake sauri.

Sai da ta zauna a bakin taga, mutane suka ɗan ja baya, ta yafito ni. Na matso. Ta riƙo hannuna ta tagar, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"To, yanzu faɗa mini. Jiya ban so ƙawata ta ji ba. Fara daga ganuwar nan da na gani, ka taho da ni a hankali har gida. Kada ka tsallake komai."

Ta rufe ido. Sai a lokacin na ga fatar idon ta kumbura, ashe ba ta yi barci ba.

Na fara. Na ce daga gefen ganuwar da ta gani, in an bi ta dama, ta miƙe ta lanƙwasa, akwai inda ta zube yara suka yi hanya. Na shigo da ita ta ƙofar da muka fita. Na nuna mata lungun Inna, na ce daga sama siriri ne, rufin gidan yana da kwano ɗaya sabo a cikin tsofaffi. Ta gyaɗa kai. Na bi da ita ta marina, na gaya mata yadda shuɗɗan zannuwa da aka shanya suka koma baƙaƙe a cikin jan hasken. Ta ce in dakata, tsamiyar da aka sare ta wane gefe take da nan? Na gaya mata. Ta ce yauwa, ci gaba. Ina jin yadda take ɗora kowane abu a mazauninsa, leɓenta yana motsi.

Sai jirgi ya yi kuka. Jirgin da bai taɓa tashi a kan lokaci ba, ranar ya ga dama. Tarago ya girgiza ya fara ja. Ba ta saki hannuna ba, ba ta buɗe ido ba, ta ce ci gaba, Babana. Na bi jirgin ina tafiya ina magana, na wuce da ita masallacin Juma'a, na fara sassarfa, ina ture masu talla, na ce ga rumfunan kasuwa nan sun jeru, daga nan sai a karya hagu. Hannunta ya zame daga nawa. Na ɗaga murya ina gudu, ƙarar ƙarfe ta danne ni, dandamali ya ƙare. Taragonta ya wuce ni idonta a rufe, tana jiran sauran.

Goggo ba ta sake zuwa Zariya ba. Gwiwoyin suka kwantar da ita, bayan wasu shekaru aka aiko mana da rasuwarta, a Ikko aka binne ta. Ina kewar ta har yau, kuma duk sanda ta faɗo mini a rai a bakin kasuwar nan nake ganin ta, a tsaye, ban ƙarasa da ita gida ba.